Toddi na wiski ko ruwan citta da zuma: wanne ke korar sanyi?

A Sikotilan da Ayalan, idan sanyi ya tsananta, akwai haɗin da suke kira toddi: a tsiyaya wiski kaɗan a kofi, a ƙara ruwan zafi, zuma da yankan lemun tsami, wani ma ya soke kanumfari a jikin lemun. Da shi kakanninsu suke tarbar mura. Wiskin kuwa ba ya kasa kashi 40 cikin ɗari na barasa.

Ka cire wiskin, ka daka citta ka zuba, sai ka ga abin da mai shayi ke dafa mana da asuba lokacin hunturu.

Na wiski ya fi saurin sa mutum jin ɗumi, amma ɗumin na yaudara ne. Barasa tana buɗe jijiyoyin jini na ƙarƙashin fata, jini ya taso sama, kunnuwa su yi zafi, alhali zafin cikin jiki zurarewa yake yi. Wanda ya sha ya fita cikin ƙanƙara ya fi shiga haɗari. Ga ta da katse barci cikin dare, ga wahalar da hanta idan an haɗa ta da farasitamol. Musulmi kuwa dama maganarta ba ta taso ba.

Abin da ke lallashin maƙogwaro a kofunan biyu ɗaya ne, wato zumar da tururin. Ni dai na citta nake sha, da ɗan masoro, ina riƙe da kofin hannu bibbiyu har yatsuna su saki.