Na biya dubu 45 a Ikeja don a koya min amsa tambayoyin intabiyun manaja

Tun ranar da na faɗa wa wani ɗan uwa a Agege bayan sallar Juma'a cewa kuɗi na biya aka shirya ni intabiyu mutane ke ta tare ni da tambaya, wai da gaske ne, kuma ya biya kuɗin sabulu? To bari in zayyana komai a nan sau ɗaya, duk mai niyya ya auna da kansa.

Shekara tara ina sufabaiza a wani sito na kayan masarufi a Oregun, mutum 22 ne a ƙarƙashina har da direbobi. Sau biyu ina zuwa neman kujerar manaja a wasu kamfanoni, sau biyun duka a wuri ɗaya nake tuntuɓe, wato inda za su ce ba mu labarin wani lokaci da ka samu saɓani da ma'aikacinka, ya aka yi ka warware. Sai in kama bayani a kan haƙuri da adalci da yadda ya kamata shugaba ya zama, su yi ta gyaɗa kai suna rubutu, shikenan ba a sake kira na ba.

Matar da ke koyarwar Bayarabiya ce, ta daɗe a sashen ɗaukar ma'aikata kafin ta buɗe nata, takardar CIPM ɗinta na rataye a bango, cibiyar ƙwararrun harkar ma'aikata ɗin nan da ke Alausa. Ofishin ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan Allen Avenue, tebur ɗaya kujera uku da fanka. Daga Agege jirgin ƙasa na Red Line nake hawa in sauka tashar Ikeja sannan in ƙarasa. Zama uku ne, biyu ni kaɗai da ita, ɗaya na taro ranar Asabar.

Zaman farko shi ne ya fanshi kuɗina wlh. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ajiye wayarta a tebur ta danna rikodin ta jefo min tambayar nan da ke kayar da ni, na yi magana wajen minti huɗu, ta mayar da muryar muka saurara tare tana jan layi a takarda duk inda na ce "mun yi", sai da ta ja layi 14, inda na ce "na yi" kuwa babu ko ɗaya. Ta ce Alhaji, masu intabiyu ba sitonku za su ɗauka aiki ba, kai za su ɗauka, a duk labarin nan ban ga hannunka ba. Na ce Madam a wajenmu yabon kai jahilci ne, da haka aka tarbiyyantar da mu, babba ba ya zama ya ce ni na yi kaza ni na yi kaza. Ta yi shiru kaɗan sannan ta ce idan alƙali ya tambaye ka abin da ka yi ranar kaza ka faɗa masa, yabon kai ka yi ko shaida ka bayar? Maganar nan ta zauna min sosai, don gaskiya mu ƴan Arewa da ke aiki a kamfanonin Legas kunya da kawaici suna cinye mana haƙƙi a irin wannan ɗaki, ga mutum ya iya aiki amma bakinsa ya yi nauyi.

Daga nan ta shiga tsarin da suke kira STAR, gaɓa huɗu ne, halin da aka shiga, nauyin da ya hau kanka, matakin da kai da kanka ka ɗauka, sai abin da ya haifar. Ta ce gaɓa ta uku ce naman, nan za ka fi daɗewa, kuma duka labarin kar ya wuce minti biyu zuwa uku. Dalilin irin waɗannan tambayoyi shi ne sun yarda abin da ka taɓa yi a baya shi zai nuna abin da za ka yi in sun ba ka kujerar, shi ya sa "da ni ne zan yi kaza" ba ya samun maki.

Labarin da muka tono tare ni ban ma ɗauke shi labari ba. Farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da tsabar naira ta ɓace, leburorinmu masu sauke kaya kullum a hannu ake sallamar su, wata safiya tirela uku na tsaye a bakin geti suka ce ba mai taɓa kwali ko ɗaya sai sun ga kuɗin jiya, manaja kuma ya yi tafiya. Na rubuta sunayen masu asusun banki aka tura musu nan take, marasa shi na haɗa kowa da wanda ya amince da shi a cikinsu, na je wajen mai abincin bakin geti muka yi magana ta ciyar da su in tura mata kuɗinta da yamma, kafin ƙarfe shida an sauke tirelolin duka ba wanda ya bar aiki. Ina gamawa ta hau ni da tambaya, wa ya ƙi yarda, me ka ce masa, me ya sa ba ka jira manaja ba, da kuɗin wa ka yi lamuni. Ta ce haka za su yi maka, wanda ya ƙirƙiri labari a tambaya ta biyu yake karyewa.

Tambayar kuskure ce ta fi min wuya. Ta hana ni irin amsar nan ta wai matsalata ita ce na cika son aiki, dole sai na kawo na gaske, na faɗa mata yadda na yi wata huɗu ina kau da kai ga wani mai kula da kaya da lissafinsa ba ya cika saboda ya girme ni ina jin nauyinsa, har asarar ta taru. Ta sa na ƙara da abin da na canza bayan nan, ƙirgen kaya duk Litinin da sa hannun mutum biyu. A ƙarshe na tashi da labari bakwai a ɗan littafi, na saɓani, na kuskure, na ladabtar da ma'aikaci, na ƙin yarda da shawarar oga, na horar da wani har ya samu ƙarin girma da sauransu, ko wane ana iya juya shi ya amsa tambaya biyu ko uku.

Abin da bai min daɗi ba kuwa, zama na biyu ta makara minti 40 ta ce gosulo ne a Maryland, ta ba da haƙuri amma ba ta cika min lokacin ba. Zaman Asabar mu tara ne a ɗakin da bai fi ƙarfin huɗu ba, yawanci ma'aikatan banki ne, misalan duk nasu ne, ni tambaya ɗaya tak ta zo kaina. Takardar da ta turo a WhatsApp ma rabinta ƙa'idojin shugabanci 16 na kamfanin Amazon ne, mai neman aiki a sito a Apapa ba abin da zai tsinta sosai a ciki. Maganar cinikin albashi kuma ta ce kuɗinta daban, abin da ya kamata ta faɗa tun kafin in biya. Amma da ta sa min zama ƙarfe ɗaya ranar Juma'a na ce ina da masallaci, nan take ta canza ba gardama, wannan na yaba mata.

In an tambaye ni, zaman mutum ɗaya kawai za ka biya ka bar na taron, kuma ka je da labaranka a rubuce don kar lokacinka ya ƙare wajen tuno su. Makon jiya na yi intabiyu ta Google Meet da wani kamfanin jigilar kaya, mutum uku ne suka zauna min, tambaya biyar suka yi huɗu ina da labarinsu a littafina, da na ba da na tirelolin nan ɗaya daga cikinsu ya ajiye biro ya ce in sake faɗa masa yadda na yi da mai abincin. Sun kira ni zagaye na ƙarshe ranar Talata a Apapa, don Allah a sa ni a addu'a.