Kana da digiri, kana son likitanci a Amurka: ina za ka yi darussan kimiyya?

A Amurka ba a shiga makarantar likitanci daga sakandare yadda muka saba a gida. Sai ka gama digiri na farko tukuna, kowane fanni ne. Amma wanda ya karanta shari'a ko akawu, ya shekara goma yana aiki, sai ya koma aji ya cike gibi. Yawancin makarantu suna neman shekara guda-guda ta bayoloji, kemistiri, oganik kemistiri da fiziks, kowanne da aikin ɗakin gwaji, ga bayokemistiri a kai. Jarrabawar shiga makarantun likitanci, wato MCAT, tun da aka sabunta ta a 2015, ta ƙara ilmin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa, makinta daga 472 zuwa 528.

Kafin maganar kuɗi, ga abin da ke kayar da 'yan uwanmu. AMCAS, wadda ake neman gurbi ta hannunta, ba ta tantance takardar sakamakon jami'o'in da ke wajen Amurka da Kanada, ba ta sa makinsu cikin lissafi. Ko ka fita da daraja ta ɗaya daga ABU Zariya ko BUK, makarantu da dama sai sun ga ka yi darussan a Amurka ko Kanada. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da takardar zaman dindindin, ƙofofin da ke buɗe masa kaɗan ne.

Hanya mafi tsada ita ce shirin share fage da suke kira postbac. Na jami'ar Columbia tun 1955 yake; na kwalejojin Bryn Mawr da Goucher ana gamawa cikin shekara guda. Kuɗin ya kai dubban daloli masu yawa, kuma a masu shekara guda ba ka da sararin yin wani aiki. Abin da kake saye ba darasin kaɗai ba ne. Akwai mai ba ka shawara tun daga ranar farko, akwai wasiƙar shaida ta kwamiti, kuma wasunsu suna da yarjejeniya da makarantun likitanci, ka wuce kai tsaye ba tare da zaman jiran shekara guda ba. Amma ka lura, waɗannan na wanda bai taɓa yin kimiyya ba ne. Wanda ya yi ya samu maki mara kyau, shirin gyaran maki zai nema, kuma daban yake.

Kwalejin unguwa mai shekara biyu, wadda suke kira community college, ita ce ta mai iyali. Arha ce, ga ajin dare. Ka tashi daga aiki ƙarfe biyar, ƙarfe shida kana tsaye da tabarau na kariya, kana ɗiga sinadari ɗigo-ɗigo kana jiran ruwan kwalba ya koma ruwan hoda. Wasu makarantun likitanci suna yi mata kallon hadarin kaji, musamman in duk kimiyyarka can ka yi.

Ni dai da za a tambaye ni, jami'ar jiha mai shekara huɗu zan nuna wa mai digirin gida. Ka yi rajista a matsayin ɗalibin da ba digiri yake nema ba, ka ɗauki darasi biyu kowane zango. Matsalarta guda: ɗalibai na ainihi su ake fara ba wa kujera, oganik kuwa nan da nan take cika. Wasu sukan haɗa, su fara kemistiri a kwalejin unguwa, su ƙarasa oganik da bayokemistiri a jami'a.

Karatu ta intanet, irin na University of New England, yana da daɗi ga mai aikin dare. Lokacin korona a 2020 makarantu da yawa sun sassauta, daga baya wasu suka koma neman ɗakin gwaji na ido da ido. Kada ka biya ko sisi sai ka buɗe MSAR, kundin sharuɗɗan shiga da ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, ke fitarwa, ka zaɓi makarantu goma da kake hari, ka karanta sharaɗin kowacce a kan darasin intanet, da na kwalejin unguwa, da kuma shekarun da darasi zai yi kafin su ce ya tsufa.