Hasumiyar Belém ta Lisbon: kyanta a waje yake

To jama'a, na je na ga hasumiyar nan ta Belém da ake ta yaɗa hotonta, tana bakin kogin Tejo a Lisbon, ƙasar Fotugal. Mu dai mun yi kuskure mun hau irin adaidaita sahun nan na 'yan yawon buɗe ido, mai keken ya yanke mu kuɗi wallahi, ashe taragon lantarki mai lamba 15 zai kai ka unguwar a sauƙaƙe.

Ginin kam ba a magana. Sarki Manuel na ɗaya ne ya sa aka fara shi a 1514 don gadin mashigar jiragen ruwa, maginin kuma Francisco de Arruda, wanda ya taɓa aikin ganuwa a Maroko, shi ya sa in ka kalli ƙananan ɗakunan masu gadi da ke kusurwoyi sai ka ga kamar ƙubbar masallaci ce aka ɗora musu. Farin dutse ne amma an sassaƙa shi kamar igiyar jirgi har da ƙulli, na daɗe tsaye ina kallo har abokin tafiyata ya ce Malam ko nan za mu kwana ne. Akwai kuma kan karkanda a jikin bango, iska da ruwa sun cinye shi sai ka ƙura ido sosai, asalinta wata karkanda ce da aka kawo Lisbon daga Indiya a 1515.

Ciki fa? Ƙasa akwai igwa a jere kowacce ta leƙa ta tagarta, a ƙarƙashi kuma ɗakunan da aka mayar kurkuku bayan sojojin Sifaniya sun ƙwace wurin a 1580, rufin ya yi ƙasa sosai sai ka sunkuya. Sama dai ɗakuna ne kusan fayau, matattakalar kuma siririya ce mai murɗewa, mutum ɗaya take ɗauka, sai an jira masu saukowa kafin a hau, mai ciwon gwiwa kar ya ma fara.

Ni a ganina in kana da lokaci ka shiga, in kuwa sauri kake ka zagaya ta waje da yamma lokacin da rana ke dukan dutsen, ka wuce tsohon gidan ibadar Kirista na Jerónimos tunda tare da hasumiyar hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya a 1983. Kar dai ka je ranar Litinin, a rufe take.