Gargaɗi ga masu kiɗan jita: ku yi hattara da mai tallan amfilifaya mai bawul "kai tsaye daga Chicago"

Salam jama'a. Dan Allah duk wanda yake kaɗa jita ko yake da ƙani ko aboki mai neman amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita, irin ta da mai bawul, 'yan kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti irin na tsohuwar rediyo, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wani mutum da yake yawo a Facebook da guruf-guruf na makaɗa a WhatsApp, yau wannan suna gobe wancan, lamba ma canzawa yake, amma labarin nasa ɗaya ne kullum: wai yayansa yana zaune a Chicago, wai wani tsohon makaɗin blues, kiɗan nan na baƙaƙen fatar Amurka, ne ya rasu iyalansa suka yi gwanjon kayansa, shi kuma ya ɗauko kwantena guda ta amfilifayoyin kamfanin Fender na asali. Ƙarya yake yi. Ni gyaran kayan sauti ne sana'ata, kuma abin da ya sayar wa wani yaro ya zo har kan teburina na buɗe da hannuna.

Hanya biyu yake bi. Wasu zai nuna musu hotuna masu kyau, ya ce a ba da kuɗin kafin alƙalami don ya riƙe musu kaya tunda wai mutane sun yi layi, bayan kwana biyu ya ce kwastam sun riƙe kwantena sai an ƙaro wani abu, sannan kuɗin mota, sannan direba ya samu matsala a hanya, haka zai yi ta tatsa har ranar da ka ce ka gaji sai kawai ya yi bulokin ɗinka. Hotunan nan ba nasa ba ne, daga shafukan sayar da kayan kiɗa na waje irin su Reverb yake kwasowa, kana saka su a Google Lens za ka ga asalin inda suke. Hanya ta biyu kuwa ita ta fi ci min rai, domin a nan kaya suna isowa da gaske, ka buɗe kwali ka ga akwati mai tambarin Fender ka yi ta murna, alhali abin da ke ciki daban ne.

Yaron da nake magana ɗan makaranta ne, yana kiɗa a wajen biki yana tara kuɗi a hankali. Ya shigo shago da akwatin a hannu ɗaya ya ce, "Oga dan Allah duba min, tana kunnuwa lafiya amma muryar ba irin wadda nake ji a faifan mutanen nan ba ce." Tun daga yadda ya shigo da ita yana lilo da hannu na san akwai magana, domin ta gaske nauyi gare ta. Na kwance bayanta. Bawul guda biyu a tsaye reras, gilashinsu tas, amma ba waya ko ɗaya da ta je ƙafafunsu, an manna su ne da gam a kan faranti, a ƙarƙashin kowanne an saka ɗan ƙwan LED ruwan lemo don in an kunna ka ga kamar suna ci. Sautin gaba ɗaya daga wani ɗan allo yake fitowa wanda bai kai tafin hannu ba, irin na lasifikar masu tallan magani a kasuwa. Da na nuna masa sai ya yi shiru, can ya ce "Oga kuɗin shekara guda ne fa." Wallahi har yanzu abin yana min ciwo.

Shi ya sa nake so ku fahimci me ake saya in an ce amfilifaya mai bawul, domin wanda ya san yadda abin yake aiki da wuya a yi masa irin wannan.

Muryar amfilifaya mai bawul da ake ji a blues mai lantarki a birnin Chicago ta girma. Muddy Waters ya baro Mississippi a 1943 ya zo ya tarar da gidajen rawa cike da hayaniya, jitar katako ba a jin ta, dole ya koma ta lantarki. Amfilifayoyin lokacin ƙanana ne, makaɗa suna murɗe su har ƙarshe don a ji su, to a nan ne abin ya faru: bawul in ka matsa masa fiye da ƙarfinsa ba ya yanke sauti farat ɗaya, a hankali yake lanƙwasa shi, sai murya ta yi kauri ta yi ɗan gurnani, ta kuma daɗe tana ja kafin ta mutu. Injiniyoyin da suka ƙera kayan a wajensu wannan aibi ne, makaɗa kuma suka ce shi muke so. Little Walter ma haka ya yi da harmonika, ya haɗa ta da ƙaramin makirfo a tafin hannu ya tura cikin amfilifaya har ta riƙa kuka kamar ƙaho.

Kuma ba bawul ɗaya ke yin aikin ba. Akwai ƙanana na gaba irin 12AX7 masu ɗaga siginar jita, akwai manya na baya irin 6V6 ko 6L6 masu ba da ƙarfi, sannan a yawancin tsofaffin akwai wani bawul ɗin daban irin 5Y3 ko GZ34 mai juya wutar gida ta koma wadda sauran za su ci. Wannan na ƙarshen in ka doki igiyar jita da ƙarfi wutarsa takan ɗan faɗi kaɗan sannan ta dawo, shi ya sa za ka ji kamar amfilifayar tana numfashi tare da hannunka. Ka taɓa a hankali murya ta fito garau, ka danna ta yi gurnani, duk ba ka taɓa maɓalli ko ɗaya ba. Abin da masu blues suke bi ke nan. Kuma duk wannan sai da wuta mai yawa, bolt 300 zuwa sama da 400 a ciki, da taransifoma manya guda biyu, ɗaya ta wuta ɗaya tsakanin bawul da lasifika. Ƙarfe ne da jan waya zalla, nauyi gare su. Samfurin Fender mai suna Twin Reverb tana kusan kilo 30, ba abin da yaro zai shigo da shi yana lilo ba ne.

Yanzu ku dubi tallan mutumin nan da kanku. Ya rubuta "Deluxe Reverb ta 1959, wat 100". Deluxe Reverb sai 1963 ta fito, kuma wat 22 ce da 6V6 guda biyu. Abin da ya yi suna a 1959 ita ce Bassman, mai lasifika huɗu 'yan inci 10, jikinta lulluɓe da yadi ruwan ƙasa-ƙasa, maɓallanta a sama suke, kuma ba ta da reverb sam, wato amsa-kuwwar da ake ƙara wa sauti. Asali ma don jitar bas aka yi ta, masu jita suka ƙwace, Buddy Guy yana cikin waɗanda aka sani da ita, kuma tsarinta Jim Marshall ya bi a Landan ya fitar da tasa amfilifayar JTM45 a 1962. A wani tallan kuma ya saka hoton mai farar fuska, wato farantin gaba inda maɓallai suke, ya ce ta 1964 ce, alhali daga 1963 zuwa 1967 baƙar fuska Fender suke yi, farar sai wajen ƙarshen 1967 ta shigo, bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965. Mutumin sunaye kawai ya haddace yana jefawa, ya san yawancinmu ba mu taɓa ganin ta asali ido da ido ba.

Sai maganar kuɗi. Bassman ta 1959 ta gaske a Amurka kanta dubban daloli ce, masu tara kayan tarihi suna rububinta. To wane dalili zai sa wani ya biya kuɗin jirgin ruwa da na kwastam ya kawo maka ita a farashin ƙaramar waya? Araha ba ta ado, jama'a.

Akwai kuma wata dabarar da ta fi wannan wayo, ku kula da ita. Fender da kansu sun sake fitar da tsofaffin samfuran nan, Bassman tun 1990, Deluxe Reverb ma a shekarun 1990, masu bawul ne na gaske kuma suna da kyau, amma sababbi ne, kuɗinsu bai kai na asali ba ko kusa. A cikinsu za ka ga allon zamani mai zanen layuka, na da kuwa baƙin kwali ne mai ƙananan zobba an jera komai an yi soda da hannu. Sannan a 2019 suka kawo Tone Master, kamanni sak amma ba bawul ko ɗaya, kwamfuta ce a ciki, nauyinta kusan rabi. Kamfani bai ɓoye ba, ya rubuta a jiki. Ɗan damfara shi ne zai cire wannan ɗan tambarin ya goga wa akwatin ƙura da tsatsa ya ce maka ta kakan wani ce.

In dai da gaske kana son saye, ka ce ya kira ka ta bidiyo, ba faifan da ya riga ya ɗauka ba, ya juya bayanta ka gani. Ya kunna ta tana sanyi a gabanka da jita a jone. Mai bawul ba ta magana nan take, sai ta ɗauki wasu daƙiƙu bawul sun yi zafi sannan murya ta taso, in an kashe ma a hankali take dusashewa. In ya danna maɓalli sauti ya fito tar a take, ka san me ke nan. Hasken bawul na gaske ɗan ja ne siriri a can tsakiya, ba ya haska akwati duka. A jikin gilashin akwai wani tabo mai ƙyalli kamar madubi, in ka ga ya koma fari kamar alli iska ta shiga, bawul ɗin ya mutu. Ka ce ya nuna maka takardar da ke manne a cikin akwati mai jerin bawul, a tsofaffin Fender akwai haruffa biyu da aka buga da hatimi, na farko shekara na biyu wata, I shi ne 1959, O kuma 1965. Lambobin jikin kaya ma suna magana, 220 na lasifikar Jensen ne, 606 na taransifomar Schumacher, lambobin da ke biye su ne shekara da mako. Mai kayan gaskiya da murna zai nuna maka, shi wannan da an tambaye shi sai ya ce kaya suna sito, mai makulli ya yi tafiya.

Bawul ɗin ma yana sayarwa daban, wai tsofaffi na kamfanonin RCA da Mullard da Telefunken da ba a taɓa amfani da su ba. Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi a 2022 farashin bawul ya haura, saboda masana'antun da suka rage kaɗan ne, akwai ta Saratov a Rasha, akwai JJ a Sulobakiya, sai na Chaina, to shi ne ya samu ƙofa. Sababbi masu araha ko waɗanda suka gaji yake gogewa ya buga musu tsohon suna. Telefunken ta asali tana da ɗan tambarin lu'ulu'u a cikin gilashin gindinta tsakanin ƙafafu, tun wajen ƙira aka yi shi, fenti ba ya kawo shi.

Wani abu kuma da ya shafi rai. Yana gaya wa mutane wai a jona kai tsaye a bango. Kayan da aka yi don Amurka na bolt 120 ne ko ƙasa da haka kaɗan, mu kuma a Najeriya da Nijar wutarmu 220 zuwa 230 ce, in ba irin wadda aka yi don fitarwa waje mai maɓallin zaɓen wuta ba ce dole sai da taransifomar rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. Kada a kunna mai bawul ba lasifika a jone, taransifomar baya za ta iya ƙonewa. Kuma dan girman Allah kada wanda bai iya ba ya zura hannu ciki don ya duba ko an cuce shi, kafasitoci, wato 'yan kayan da ke tara wuta a ciki, suna riƙe ta ko an zare daga soket, tana iya kisa. Ka kai wa mai gyara.

Ga ƙannena masu jita kuma, musamman na wajen Agadas da Yamai da suke tashi da kiɗan su Bombino, da na Jos da Kaduna da Kano, kar wani ya sa ku ji kamar in ba ku da tsohuwar Fender ba ku fara kiɗa ba, domin da wannan kwaɗayin yake kama ku. B.B. King ya shafe shekaru yana hawa dandali da Lab Series L5, wadda ba bawul a cikinta, Albert King ma ya yi amfani da marar bawul, kuma ba wanda ya isa ya ce muryarsu ba blues ba ce. Ni ina son mai bawul har raina kuma zan ci gaba da cewa daban take, amma ƙaramar sabuwa mai wat 5 ko 15 daga shagon da za ka iya komawa gobe ta fi maka wannan tatsuniyar ta Chicago.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kar kunya ta sa ka yi shiru. Ka je bankinka yau ɗin nan ka shigar da ƙorafi da rasit ɗin tiransifa, ka ɗauki hoton duk hirarku da lambar akawun ɗin da ya ba ka kafin ya goge, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC, ka kuma yi rifot ɗin shafin nasa. In ya sake kira ya ce ka ƙaro kaɗan a saki kaya ko a dawo maka da kuɗinka, kar ka ƙara masa ko naira. Admin na guruf-guruf kuma dan Allah ku daina barin tallan da ba a ga bayan kaya ba, ku tura wannan ga duk makaɗin da kuka sani.