Jirgin katako ko na faiba, ga mai sakin kalli a Binuwai

Wani ɗan'uwa daga Garwa ta Kamaru ya kawo tambaya a zauren nan. Ya gaji da hayar jirgi, yana so ya mallaki nasa don irin kamun kifin nan da ake sakin kalli, wato doguwar ragar kifi, jirgi da kalli su gangara tare da ruwa. An yi masa tayin jirgin faiba, wato na zaren gilashi, na hannu, kafinta kuma ya ce zai haɗa masa na katako. Ya ƙara da cewa ya ga wani gajeren jirgi mai faɗi a bidiyon masu kamun kifi na Amurka, ko a sa a kwaikwaya masa shi?

Ɗan'uwa, bari mu sallami na bidiyon tukuna. An ƙera shi ne don kogunan jihar Oregon, irin kogin McKenzie, ruwa mai gudu a tsakanin duwatsu. Tsawonsa wajen mita 5, faɗinsa ya kusa mita 2, gaba da baya sun ɗaga sama kamar yankan kankana don ya juya nan take. Matuƙi na zaune a tsakiya da dogayen filafilai biyu, mutum ɗaya ko biyu suna jefa ƙugiya da sanda. Ba a yi shi don kalli mai mita 200 ba, ba a kuma yi shi don ya haura ruwa da kaya ba. Binuwai daga ƙasan madatsar Lagdo zuwa Garwa yashi ne da faɗi, babu dutsen da za a kauce wa. Ka bar wannan a waya.

Saura biyu. Kafin a auna su, a tuna abin da sakin kalli yake nema a wurin jirgi: ya bi ruwa, kada ya bi iska. Kallin yana tsaye a cikin ruwa, darma ta ja ƙasansa, roba ta ɗaga samansa, bakinsa ɗaya na ɗaure da jarka can nesa, ɗayan yana hannunka. Muddin jirgi da jarkar suna tafiya ɗaya, kallin na nan a miƙe kamar katanga. Da zarar jirgi ya fi jarkar sauri, ko iska ta tura shi gefe, sai kallin ya lanƙwashe, ya naɗe, darma ta hau kan roba, ka janyo igiya babu ko kawara.

A nan na katako ya yi wa na faiba nisa. Yana da nauyi, bakinsa na kusa da ruwa, iska ba ta samun wurin kamawa. Na faiba irin wanda ake kawowa don jigila da inji gefensa dogo ne, jikinsa ba nauyi, gabansa a ɗage. In iskar hunturu ta taso a Disamba ko Janairu sai ya zama kamar ƙwarya a bakin rafi, mutumin baya ya kwana yana kaɗa filafili don kawai ya tsayar da shi. Akwai kuma ƙara. Darma ta faɗi a cikin faiba sai ka ji kamar an buga ganga, kuma ƙarar tana shiga ruwa. Katako jiƙaƙƙe yana shanye ta.

Batun zurfi kuwa lissafi ne, kowa na iya yi. A ce jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawo mita 8, gindinsa santimita 90 a tsakiya yana tsukewa gaba da baya, gefe rabin mita, kaurin katako santimita biyu da rabi. Katakon da zai ci, har da haƙarƙari da benci, wajen kashi huɗu cikin goma na kubik mita ɗaya ne. In jan katako ne, iroko ko safeli, jirgin zai yi kilo 260 ko kusa. In ayus ne, farin katakon nan, wajen 150. Ɗora masa mutum biyu, jiƙaƙƙen kalli, inji, mai da buhun kifi, a ce duka da jirgin kilo 650. Gindi mai wannan girma yana nutsewa santimita ɗaya a kowane kilo 60, wato jirgin zai sha ruwa santimita 11 ko 12 ke nan, bai kai taƙi ɗaya ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da yashi ya fito kogi ya rarrabu ƙananan hanyoyi, wannan jirgin zai wuce inda ruwa bai kai ƙwauri ba. Na faiba mai ƙashin baya a tsakiyar gindi zai tsaya, ku sauka ku tura. Kuma da yake gindinsa ba a shimfiɗe yake ba, tura shi da gwangwala a gefen gaɓa wahala ce, sai ya riƙa kwanciya ɓangare ɗaya.

Kada a ce mun zalunci faiba. Ba ya yoyo, ba ya ruɓewa, gara ba ta san da shi ba. Ka ja shi tudu ka kife wata uku, ka dawo ka tura shi ruwa ka tafi. Na katako ka yi masa haka a zafin Garwa, katakon zai tsuke, haɗin ya buɗe har ka hango rana ta ciki. Sai an nutsar da shi kwana biyu ko uku ya kumbura, sannan a sake toshewa. Faiba ya fi gudu da inji ɗaya, ya fi sauƙin wankewa daga ƙarnin kifi, a buɗaɗɗen ruwa irin tafkin Lagdo ko na Maga kuma, in iska ta tayar da igiyar ruwa, dogon gefen nan da muka kushe shi ne ke hana ruwa shigowa. Wanda aikinsa bin sansanonin masunta ne yana sayen kifi yana zubawa a ƙanƙara ya kai kasuwa, faiba ne nasa. Amma ba wannan ka ce za ka yi ba.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne gyara, don haka bari mu tsaya a nan.

Na katako kullum cikin neman gyara yake, sai dai gyaran na kowa ne. Haɗi ya buɗe, a kankare tsohuwar kwalta, a cusa auduga ko tsumma da bakin kurfi, a narka kwalta a gwangwani a zuba, in tsagar ta yi faɗi a ɗora fallen kwano a bi shi da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Katako ɗaya ya ruɓe, a cire shi a sa wani. A kowace mashiga akwai mai yin wannan. Abin da ke kashe shi da wuri uku ne, kuma duk ukun a wurin kafinta ake shuka su. Na farko ɗanyen katako, wanda zai bushe a jikin jirgi ya bar ƙofofi. Na biyu farin gefen nan da ke jikin jan katako, wanda shi ne ɓangaren itacen da bai nuna ba, nan ruɓa take farawa. Na uku baƙar ƙusa. Tana tsatsa, tsatsar ta ci katakon da ke kewaye da ita, sai ka ga baƙin zobe a kan kowace ƙusa, ka danna da yatsa ya loɓa. A nemi farar ƙusa mai rufin tutiya, a huda katakon kafin a buga don kada ya tsage, a lanƙwashe bakinta ta ciki a mayar da shi cikin katako. Kan ƙusa ɗaya da ya leƙo a bakin jirgi ya isa ya yaga kalli tun daga farko har ƙarshe. Ayus ya fi araha kuma ya fi sauƙin ɗauka, amma ba ya jure jiƙewa da bushewa. In kuɗi sun gaza, a yi gindi da katakon farko na gefe da jan katako, a ƙarasa sama da ayus. Galibin katakon nan daga dazuzzukan kudu da gabas yake zuwa ta Ngaundere, shi ya sa yake da tsada a arewa, kuma shi ya sa ake cusa wa wanda bai sani ba ragowa.

Na faiba yakan daɗe bai nemi komai ba, ranar da ya nema kuwa sai an sha wuya. Yashi ne abokin gabansa. Kullum ka ja shi gaɓa, yashi na goge gindinsa kamar sanfefa, har santsin waje ya tafi, zaren ya bayyana fari, ruwa ya fara shiga tsakanin ɓawo da ɓawo. Facinsa yana son ruwan resin, da ɗan ruwan da ke daskarar da shi, da tabarmar zaren gilashi. A goge wurin har a wuce raunin da faɗin tafin hannu, a bar shi ya bushe ƙarau, a gauraya mililita 10 zuwa 20 na mai daskarwar a kowane kilo na resin, a shimfiɗa tabarma hawa uku ko huɗu, kowane hawa ya fi na ƙasansa faɗi, a danne kumfar iska ta fita. A zafin da ya haura 40, mililita 10 ma ya isa, kuma a yi aikin da sassafe a inuwa, in ba haka ba resin zai sandare a cikin kwano tun ba ka shafa rabi ba. In wurin da sauran danshi, facin zai ɓare kamar ɓawon rogo. Resin kansa ba ya ajiyuwa, watanni kaɗan a shago mai zafi ya yi kauri ya lalace. Don haka kafin ka biya kuɗin faiba, ka fara sanin wa zai gyara shi, ina kuma zai samo kayan.

Ga wani abu da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Jirgin katako in ya cika da ruwa yakan tsaya a saman ruwa, ka samu abin riƙewa. Faiba ya fi ruwa nauyi. In babu soso ko rufaffen akwatin iska a jikinsa, ƙasa zai tafi da injinsa. Kowanne ka saya, ka ɗaure jarkoki marasa komai masu lita 20 a ƙarƙashin benci, murfi a datse. Kowace tana ɗaga kusan kilo 20, uku sun riƙe ƙaramin inji. Kogin nan akwai dorina, mai ɗa kuwa ba ta tambayar da me aka yi jirgi. In an buɗe ƙofofin madatsar Lagdo a ƙarshen damina, ruwa na zuwa da kututture da ciyawa, ranakun nan ba na sakin kalli ba ne ko da wane jirgi.

Inji. Mai sakin kalli ba ya bukatarsa sai wajen komawa sama, don gangarowa kyauta ce. A ce ruwa na tafiyar kilomita 3 a awa, ka gangara awa guda, komawa da Yamaha mai ƙarfin doki 15 minti ashirin ne ko kusa. Injin nan in an matsa shi ƙarshe yana shan wajen lita 7 a awa, wato lita biyu da ɗoriya a kowace komawa, lita 9 ko 10 in ka saki kalli sau huɗu a dare. Mai doki 40, wanda shi aka fi liƙa wa jiragen faiba, yana shan kusan ninki uku na haka, nauyinsa kilo 70 da wani abu, na 15 kuwa bai kai 40 ba, mutum ɗaya ya saɓa shi ya kai gida. Kurungu da karfasa ba za su biya man doki 40 ba, sai ranar da Allah ya haɗa ka da giwan ruwa, ita kuwa ba kullum ba.

In za a sa wa na katako inji, a gaya wa kafinta tun farko. Allon baya ya yi kauri santimita 4 zuwa 5, da tokare ta ciki, tsayinsa santimita 38 ga inji mai gajeriyar ƙafa, 51 ga mai doguwa. In allon ya yi tsawo farfela za ta riƙa shan iska tana ihu jirgi bai tafiya, in ya gaza ƙafar za ta riƙa noman yashi. Gaurayen mai: mililita 20 na man inji a kowace litar fetur, rabin lita ke nan a tanki mai lita 25. Zuwa-zuwa, wato fetur na bakin hanya, a tace shi da kyalle mai laushi, a bar shi ya kwanta, don ruwa da dattin da ke ciki su ne ke toshe kafireta a tsakiyar kogi. Idonka kuma ya kasance kan ɗan fitsarin nan da inji ke yi ta baya. Ya tsaya, kashe nan take: yashi ya cinye robar famfon ruwa, minti kaɗan injin zai ƙone.

Sai tambayar da ta riga duka: saye ko ci gaba da haya? Ka ƙirga dararen da kake shiga ruwa a shekara, ka cire kwanakin ambaliya, in kuma a tafkin Lagdo kake su ka cire watanni uku na hutun kifi, Yuli zuwa Satumba. Ka ninka da abin da kake ba mai jirgi a dare. In kuɗin haya na shekara biyu bai kai kuɗin jirgin ba, zauna a haya ka sayi kalli mai kyau. In ya kai, shawararmu jirgin katako ne mita 7 zuwa 8, a fara da filafili da gwangwala, inji ya biyo baya in kasuwa ta yi. Takardar izinin su ta ma'aikatar kiwo da kamun kifi kuma a sa ta cikin lissafi tun yanzu.

In duk da haka ranka na kan faiban nan na hannu, je ka gan shi a tudu, a kife. Ƙwanƙwasa gindinsa da tsabar kuɗi taƙi bayan taƙi: wuri mai lafiya yana amsawa da kaifi, inda ya rabu ta ciki sai ka ji kamar ka buga kwali. Ka kama ƙafar inji ka ɗaga ka sauke da ƙarfi, in allon baya ya motsa, katakon da ke cikinsa ya ruɓe, kuma wannan gyara ne babba. Sabon fenti a gindi kaɗai, ka tambayi abin da ke ƙarƙashinsa. Na katako kuwa, sabo ko tsoho, kada ka cika kuɗi sai ya kwana a ruwa. A kwashe shi tas da magariba, a ɗora masa buhun yashi uku, ka dawo da asuba da tsinin wuƙa ka bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya, ka kuma auna ruwan da ya tara da yankakkiyar jarka. Jarka ɗaya ko biyu a sabon jirgi ba komai, zai kumbura ya rufe. In ruwan ya taɓa buhunan har ya haura, kafinta bai gama aikinsa ba.