Wata uku da buɗe katafaren shagon rangwamen nan a unguwarmu, ga abin da na gani

Tun kafin a sa tubalin farko maganar shagon nan ta raba unguwarmu gida biyu, har akwai maƙwabtan da suka daina gaisawa, wallahi ba ƙari. Ni kaina ina cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ƙorafi cewa ba ma so, gara in faɗa da bakina kafin wani ya tona min asiri. Yau wata uku ke nan da buɗewa, na shiga ya fi sau goma. Ba zan kama sunan shagon ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata.

Arahar dai akwai ta, wannan ko maƙiyinsu ba zai musa ba. Na ajiye rasit na wata biyu na gwada da abin da na saba kashewa, a kayan da ba sa lalacewa irin su sabulu, man goge baki, kayan gwangwani da kunzugun yara bambancin a fili yake, sai da na sake lissafi don na ɗauka kuskure na yi. Amma kar wani ya zaci sadaka suke yi.

Tsarin ba sabo ba ne, kwafo shi aka yi. A Jamus wasu 'yan'uwa biyu, Karl da Theo Albrecht, suka karɓi ɗan shagon mahaifiyarsu a garin Essen a 1946, shi ne ya zama Aldi, kamfanin shagunan rangwame, daga baya wani kamfanin irinsa mai suna Lidl ya bi sahu a 1973. Dabarar ita ce a rage nau'in kaya, inda cikakken babban kanti zai ajiye kaya kala sama da 30,000, irin waɗannan ba sa wuce 2,000 ko kusa da haka, kuma yawanci tambarinsu ne na kansu a jiki. In kana sayen abu ɗaya tirela-tirela daga masana'anta ɗaya ai kai ne da yanka farashi. Namu ba Aldi ba ne ba Lidl ba ne, amma kana shiga za ka ga hanyar ɗaya ce, kaya a cikin kwalinsu aka yanke murfi aka dire, ba kwalliya ba kiɗa, sabulun wanki kala biyu ne in ba ka so ka ƙara gaba.

Sauran arahar kuma da guminka kake biya. Keken zuba kaya sai ka sa tsabar kuɗi ya buɗe, in ka mayar da shi layi ka karɓi abinka, kenan ba su ɗauki mai tattara kekuna ba, kai ne ma'aikacin. Leda ba kyauta ba. Yarinyar da ke karɓar kuɗi kuwa hannunta kamar injin, ranar farko ina laluben jakata ta riga ta watso min kaya rabin keke, na bayana suna ta tsaki, na ce ƙanwata a hankali mana, ta yi murmushi ta ce yaya ka kwashe ka je can kan benci ka shirya. Ba rashin kunya ba ne, ana auna musu sauri ne, na ga alama.

Inda suka gaza shi ne ɓangaren ganye da 'ya'yan itace. Da safe ba laifi, in ka je da yamma duk sun yi yaushi, kuma a ƙulle suke cikin leda ba damar ka zaɓa. Sau biyu ina zuwa gida in tarar na ƙasan ya ruɓe. Na nemi wanda zan yi wa magana na zagaya shagon kaf ban samu ba, ban taɓa ƙirga ma'aikata fiye da shida a lokaci ɗaya ba a wannan ƙaton wuri, to ina ɗimbin aikin yin da aka yi ta mana alkawari a wajen taron da aka yi da mutanen unguwa kan maganar shagon? Ƙarshen mako layi har tsakiyar shago amma teburin biya biyu kawai a buɗe.

Taron nan ma abin dariya ne in na tuna. Masu cewa a'a, da ni a ciki, kusan duk masu mota ne da za su iya zuwa nesa su yi sayayya. Wata dattijuwa ta miƙe ta ce 'ya'yana ku kuna maganar kyan unguwa, ni maganar ƙarshen wata nake yi. Wuri ya yi tsit, ni dai na sunkuyar da kai. Yanzu mutumin da ya fi kowa ɗaga murya ranar na gan shi a layi da keke shaƙe, muka haɗa ido kowa ya kau da kai.

Tsoronmu game da ƙananan shaguna bai tashi a banza ba, ɗaya ya rufe a wata na biyu, kodayake dama yana tangal-tangal. Tsohon da ke kwanar layinmu yana nan, na tambaye shi Baba ya kasuwa, ya ce ɗana masu sayen wata sun tafi, masu sayen yau suna nan. Gaskiyarsa, shi yana ba da bashi, yana sayar da ƙwaya ɗaya, ƙarfe goma na dare a buɗe yake, can kuwa in kuɗinka ya gaza ko kaɗan sai a cire kaya a gaban jama'a. Sai dai ribarsa a hannun masu sayen watan take, wannan bai faɗa ba amma kantarsa ta faɗa, rabi ba kaya.

Abin da ba wanda ya kawo a taron shi ne ya fi damuna yanzu, manyan motocin kawo kaya. Tun kafin gari ya waye suke zuwa, suna ja da baya da ƙarar nan tii tii tii, injin sanyinsu na ruri, kuma ƙofar sauke kayan ta bayan gidajen mutane aka yi ta. Mun je mun yi magana an ce za a duba, har yau ana dubawa.

In kayan wata za ka saya waɗanda ba sa lalacewa, je ka da jakarka da tsabar kuɗin keke, ranar aiki da hantsi. Ganye kuwa nemi wani wuri. Takarda ta biyu tana yawo yanzu a kan lokacin sauke kaya, jiya na sa hannu, ledar shagon na ɗaya hannun.