Horon aikin kurmi a ƙasar waje: inda ya dace ka nema da inda za a wanke ka

Ɗalibin da ya karanta ilimin halittu, gandun daji ko namun daji a Kano, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri yakan karɓi digirinsa bai taɓa kwana a kurmi ba. Dajinmu fili ne, kana hango abin da ke nesa. Kurmi kuwa rana ba ta isa ƙasa sosai, dabbar da kake nema tana can ƙololuwar itace, galibi kukanta kawai za ka ji. Shi ya sa in aka turo tallan horon sanin makamar aiki a Amazon ko Borneo, ran mutum yake biyawa. Sai dai abin da ake tallatawa da wannan suna iri uku ne, sunan ne kawai ya haɗa su. Akwai wanda kai za ka biya kamfani ya kai ka daji. Akwai kwas na fili wanda wata ƙungiya ke ɗaukar nauyin ɗaliban Afirka. Akwai kuma aikin mataimakin mai bincike, inda ake buƙatar hannunka da gaske na tsawon wata shida zuwa shekara.

Ma'aunin da za ka gwada su da shi tambaya ce: wane ne zai duba aikinka, menene sunansa, a wace jami'a ko cibiya yake? In ba a iya faɗa maka suna ba, sauran bayanin ado ne. Dalili shi ne abin da zai amfane ka bayan ka dawo wasiƙar shaida ce daga malamin da ya ga yadda kake cike takardar bayanai cikin ruwan sama. Satifiket mai hoton aku da tambarin zinare ba ya buɗe ƙofar digiri na biyu a ko'ina, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai a harkar nan, domin shi ne abin da aka fi sayar wa yaranmu.

Da wannan ma'auni, kwas ɗin Tropical Biology Association ne kan gaba, musamman wanda ake yi a kurmin Kibale na Yuganda. Ƙungiyar tana da ofis a Cambridge da Nairobi, kuma tun cikin shekarun 1990 take shirya kwas na kimanin wata ɗaya a tashoshin bincike irin su Kibale, Amani a Tanzaniya, Kirindy a Madagaska da Danum Valley a Sabah ta Malesiya. Ana haɗa ɗaliban Afirka da na Turai a aji ɗaya, kusan rabi da rabi, kuma bisa al'ada ɗan Afirkan da aka zaɓa da tallafi yake zuwa. Ka karanta sanarwar shekarar da kyau don ka ga me tallafin ya ƙunsa da kuma inda za a yi. Kashin farko na watan darasi ne da atisaye a cikin daji. A kashi na biyu ana haɗa mutum biyu ko uku, galibi daga ƙasashe daban, su tsara ƙaramin bincike nasu, su tattara bayanai, su yi lissafi, su rubuta rahoto, su gabatar a gaban malamai. Wannan rahoton shi ne jarinka.

Kibale tana yammacin Yuganda kusa da garin Fort Portal, tana da nau'in birai 13, kuma tashar Jami'ar Makerere da ke Kanyawara ta daɗe tana karɓar masu bincike. Thomas Struhsaker ya fara aiki a kurmin a 1970, Richard Wrangham ya kafa aikin bin chimpanzi na Kanyawara a 1987. Amma kada ka sa ran za a ba ka chimpanzi ka bi. Wannan aikin wasu ne daban, da izininsu daban. Ɗalibin kwas kwaɗi zai ƙirga, da malam-buɗe-littafi, da tsuntsaye, da 'ya'yan ɓaure, kuma a nan ake koyon sana'ar.

Ga misalin abin da ake koya. Kaurin itace ana auna shi a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, amma manyan itatuwan kurmi suna da saiwoyi masu fiffike da suka hau gindi, don haka sai a hau sama da fiffiken a auna, a shafa fenti a wurin. In ba a yi alama ba, wanda zai zo baɗi zai auna a wani wuri, lissafi ya nuna itace ya rame. A ƙidayar birai ta bin miƙaƙƙen layi a cikin daji, ana tafiya a hankali, kamar kilomita ɗaya a awa, kuma nisan da ake buƙata shi ne tsakanin dabbar da layin, ba tsakaninta da kai ba, don haka dole ka rubuta nisa da kusurwa duka biyu. Kyamarar tarko, wadda ke ɗaukar hoto da kanta in dabba ta gifta, ana ɗaure ta daidai gwiwa, ba ta fuskantar gabas ko yamma saboda hasken rana, a share ciyawar da ke gabanta, a daidaita kwanan wata da lokaci kafin a rufe. Ganye ɗaya da iska ke kaɗawa ya isa ya cika katin da dubban hotunan banza ya cinye batir cikin kwana kaɗan. Duk shirin da ba zai koya maka irin wannan ba, tare da GPS da manhajar taswira ta QGIS da ɗan lissafi a manhajar R, yawon buɗe ido ne aka sa wa takalmin roba.

Ta fuskar ci gaban al'umma ma Kibale tana da abin gani da ido. Giwaye da birai suna fita su cinye masara da ayabar manoman gefen daji, an haƙa ramuka masu tsawo a kan iyaka, an kuma jera amya a wasu wurare domin giwa tana tsoron zuma. Dokar Yuganda ta ware kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga gandu ga al'ummomin da ke maƙwabtaka da shi. A ƙauyen Bigodi, ƙungiyar mutanen gari mai suna KAFRED ce ke kula da fadamar da baƙi ke zuwa kallon tsuntsaye, kuma da kuɗin suka gina makarantar sakandare. Za ka kuma ji ƙorafin manomin da bai ga ko sisi ba, wanda shi ma darasi ne. Tafiyar da sauƙi: jirgin Habasha yana tashi daga Kano ta Addis Ababa zuwa Entebbe, bizar a intanet ake nema, sai ka riƙe katin rigakafin shawara.

Shirye-shiryen biya na Peru su ne suka fi cika intanet. Ba duka ne na bogi ba. Manu Learning Centre na ƙungiyar Crees yana bincike na gaske a kan kurmin da aka taɓa sarewa yake sake tsirowa, yana kuma aikin lambunan gida da manoman yankin. Tashar Los Amigos ma ta masu bincike ce. Matsalar ita ce an tsara farashin ne don aljihun Bature, dubban daloli na 'yan makonni, ban da tikiti. Sannan hanyar: biza, jirgi zuwa Lima, wani zuwa Cusco mai tsayin kimanin mita 3,400, mota ta gangara Atalaya, sai kwalekwale. Mai fasfon Najeriya ko Ghana da zai canza jirgi a Faransa, Holan ko Sifen yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana da bizar Amurka ko Kanada mai aiki ko makamanciyarta. Da yawa a wurin awon kaya suke jin wannan labari.

Operation Wallacea, wadda ke kai ɗalibai tafiye-tafiyen bincike a daji, tana da masana na ƙwarai, amma ɗalibi ne ke tara kuɗin, kuma makonni ne kaɗan. Cibiyar Smithsonian da ke Panama, mai tsibirin Barro Colorado, tana biyan alawus, sai dai sai ka samu masanin da ya yarda ya ɗauke ka, kuma gasar ta duniya ce. Borneo ta fi ko'ina sauƙin abincin halal da masallaci, amma takardun izinin bincike a Indonesiya da Sabah suna cin watanni, ga matsattsaku da ke shiga ta ramin igiyar takalmi.

Aikin mataimakin mai bincike shi ne mataki na gaba, ba na farko ba. Irin wanda ake nema a Taï ta Kwadebuwa, inda ake bin chimpanzi tun 1979, yana son Faransanci, wanda riba ce ga 'yan Maraɗi da Damagaram da Garwa. Kana barin sansani da duhu domin ka isa gindin itacen da suka kwana kafin su sauko, ka bi su har su sake yin sheƙa da magariba. Sau da yawa kai za ka sayi tikiti, a mayar maka in ka kammala wa'adin. Ka tambayi wannan a rubuce. Ka kuma tambayi yadda ake girki a sansani da yadda za ka yi da azumi, tun kafin ka sa hannu.

Takardar neman da ta fi ƙarfi ita ce ta wanda ya riga ya taɓa daji a gida. Kurmin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila na Taraba yana da tashar bincike da fili mai kimanin hekta 20 inda aka lissafa kowane itace da kaurinsa ya kai santimita ɗaya, irin tsarin da ake bi a Barro Colorado da Korup ta Kamaru. Cibiyar APLORI da ke kusa da Jos tana koyar da aikin tsuntsaye. Wata uku na SIWES, wato horon aiki na ɗaliban jami'a, a ɗayansu ya fi shafi biyu na bayanin yadda kake ƙaunar dabbobi tun kana yaro.

Yanzu ga 'yan damfara, don sun fi shirye-shiryen gaskiya yawa. Na farko shi ne dillalin WhatsApp ko Facebook da zai ce an ba shi guraben horo kyauta a Kosta Rika, ka biya kuɗin fom kawai. Babu ɗaya daga cikin cibiyoyin da aka ambata a sama da ke da dillali a Kano ko Abuja. Bayan kuɗin fom sai na inshora, sai na wasiƙar gayyata, sai na wani jami'i a ofishin jakadanci, kowanne a asusun mutum ɗaya. Sukan kwafi tambarin cibiya ta gaske, su canza harafi ɗaya a adireshin imel, ko su rubuto daga Gmail. Maganinsu mai sauƙi ne: ka buɗe shafin cibiyar da kanka, ba ta mahaɗin da aka turo maka ba, ka ɗauki adireshin da ke can, ka tura musu wasiƙar ka tambaya ko tasu ce. Kada kuma ka kai wasiƙar da ba ka tantance ba ofishin jakadanci. In ta zama jabu, sunanka ne zai shiga kundi, kuma bizar karatun da za ka nema nan gaba ita za ta biya bashin.

Na biyu sun fi wayo, domin suna da wuri na gaske da ɗakunan kwana da kwalekwale, bincike ne kawai babu. Baƙi suna zagaya hanya ɗaya kowace safiya suna cike takarda, takardun suna ruɓewa a akwati. Ka rubuta sunan tashar a Google Scholar. Tashar da ta shekara goma ba ta fito a rubutu ko ɗaya ba, ba ta aikin kimiyya. Ka nemi lambar izinin bincike daga hukumar gwamnati: a Peru daga SERNANP ko SERFOR, a Yuganda daga UWA da UNCST, a Indonesiya daga BRIN. Wanda ya ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido ka ce hutu ka zo, yana shirya maka kora ne daga ƙasar, shi kuma kuɗinsa sun riga sun shiga.

Na uku su ne gidajen da ke kiran kansu mafakar dabbobi, tallansu cike da hoton baƙi rungume da jariran birai. Galibi jaririn biri ba ya rabuwa da uwarsa sai an kashe ta, kuma gidan da kasuwarsa ke tafiya da jarirai dole ya riƙa samun sababbi. Masu aikin gaskiya tazarar mita bakwai ko fiye suke bari tsakaninsu da manyan birai, da takunkumi a fuska, domin murar ɗan Adam tana kashe su. Ta faru a Taï, ta kuma faru a Kanyawara a 2013. A Afirka ka duba ko gidan yana cikin ƙungiyar PASA ta mafakar birai a Afirka, kamar Limbe a Kamaru, Tacugama a Saliyo da tsibirin Ngamba a Yuganda.

Kalmar ci gaban al'umma ita ma an mai da ta haja. Ka tambaya mutum nawa 'yan garin ke karɓar albashi, kuma a wane matsayi, masu girki ne kawai da direbobin kwalekwale ko har da masu jagorantar bincike. Ka tambaya kashi nawa na kuɗinka ke tsayawa a ƙasar, nawa ke komawa ofishin Landan. In aikin al'ummar shi ne baƙon mako biyu ya yi wa aji fenti ko ya koyar da Turanci, to an karɓe aikin mai fenti da malamin garin ne aka sayar maka.

Ko wurin na gaskiya ne, ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi kafin ka biya kafin-alƙalami, musamman abin da ya ce in an hana ka biza, don yawancin takardun an rubuta su ne ga masu fasfon da ba a hanawa. Ka nemi a rubuta maka wanda zai biya kuɗin fitar da kai daga daji in maciji ya sare ka, da nisan asibiti mafi kusa a awa, ba a kilomita ba. Allurar rigakafin haukan kare ana yin ta fiye da sau ɗaya da tazarar kwanaki, don haka ka fara wata guda kafin tafiya. Kada kuma ka ce ka saba da zazzaɓin cizon sauro: nau'in da ya fi yawa a Amazon yana ɓuya a hanta ya dawo bayan watanni, na Sabah kuma daga birai sauro ke ɗauko shi. Gyambon da ya fito bayan ka dawo daga Peru ya ƙi warkewa, ka gaya wa likita inda ka je, ka ce a gwada leishmaniya.